Ido Biyu a Kan Gini Ɗaya: Yadda Leza da Kyamara Suka Haɗu, daga Wetzlar zuwa Notre-Dame

Da yammacin Litinin, 15 ga Afrilu 2019, wuta ta kama rufin babbar majami'ar Notre-Dame da ke tsakiyar birnin Faris. Gab da ƙarfe 8 na dare, hasumiyarta mai tsawon mita 96 ta karye ta rufto, ta huda rufin dutse da ke ƙarƙashinta. Kafin gari ya waye, katakon da ya riƙe rufin tun ƙarni na 13 ya zama toka, dalmar da aka lulluɓe shi da ita ta narke. Washegari Shugaba Emmanuel Macron ya yi alkawarin za a sake gina majami'ar cikin shekara 5.

Alkawarin ya tayar da tambayar da kowane magini zai fara yi: da wane awo? An soma ginin a 1163, kuma maginan farko ba su bar wa na baya zanen aikinsu ba. Bangon da ya yi shekara 800 a tsaye ba ya zama yadda aka tsara shi. Yana karkata, yana lotsawa, yana buɗewa nan da can. Wanda zai mayar da bakan dutse mazauninsa yana bukatar sanin inda kowane dutse yake a jajibirin gobarar.

An yi sa'a akwai wannan awon. Shekara 9 kafin gobarar, wani malamin tarihin gine-gine mai suna Andrew Tallon ya auna majami'ar da na'urar leza, ya kuma ɗauki hotunanta daga wuraren da ya kafa na'urar. Abin da ya yi shi ne haɗa dabaru biyu da suka taso daban, da tazarar fiye da shekara 100 a tsakaninsu. Ɗaya tana gani amma ba ta san girman abin da take gani ba. Ɗayar tana awo daidai amma ba ta san launi ba. Tarihin haɗuwarsu shi ne tarihin yadda aka koyi adana siffar gini, da ma siffar birni sukutum, kafin masifa ta same shi.

Mutumin da ya kusa faɗowa

A watan Satumba na 1858, gwamnatin Furusiya ta tura wani matashin masanin gini, Albrecht Meydenbauer, mai shekara 24, ya auna babbar majami'ar garin Wetzlar a ƙasar Jamus ta yau. A wancan zamani awon gini aikin hannu ne: igiya, sandar awo, da takarda. Don a rage kuɗin kafa katakan hawa, sai ya riƙa shiga wani akwati da ake ja da igiya a jikin bango. Wata rana, yana ƙoƙarin fitowa daga akwatin ya shiga ta taga, akwatin ya goce, saura ƙiris ya faɗo ƙasa. Daga wannan firgici ya fara tunanin ko hoto zai iya ɗauke wa mutum hawa bango.

Wani ya riga shi wannan tunani. Tun 1849 wani hafsan sojan Faransa, Aimé Laussedat, yake gwada fitar da awo daga zanen da aka yi bisa ƙa'idar hangen nesa, daga baya ya koma amfani da hoto. Amma hankalin Laussedat ya fi karkata ga taswirar ƙasa. Meydenbauer ne ya ɗauki gine-gine a matsayin aikin rayuwarsa, kuma a wata maƙala kan aikinsa da ta fito a 1867 aka fara amfani da sunan da fannin yake ɗauke da shi har yau, fotogirametiri, wato awo da hoto.

Ƙa'idar ba ta da wuyar ganewa. Idan mutum ya miƙa babban yatsansa gaba, ya rufe ido ɗaya, sannan ya buɗe shi ya rufe ɗayan, zai ga yatsan ya yi tsalle. Yawan tsallen ya danganta da nisan yatsan daga fuska: na kusa ya fi tsalle, na nesa ba ya motsi sosai. Haka hoto yake. Kowane ɗigo a jikin hoto yana nuna wani miƙaƙƙen layi da ya taso daga jikin gini ya bi ta gilashin kyamara. Hoto ɗaya yana ba da layin, amma ba ya faɗin inda abin yake a kan layin. Idan aka ɗauki hoto na biyu daga wani wuri da aka san nisansa da na farko, sai a sami layi na biyu, kuma mahaɗar layukan biyu ita ce mazaunin abin. Da haka za a san tsayin ƙusurwar taga da ke mita 40 sama ba tare da ƙafa ta bar ƙasa ba.

Meydenbauer ya ƙera kyamarorinsa da kansa, masu ɗaukar hoto a kan farantin gilashi mai faɗin santimita 40 a kowane gefe, domin gilashi ba ya miƙewa ko ya tattare kamar takarda. Ya yi shekaru yana neman gwamnati ta saurare shi. A 1885 aka buɗe masa cibiyar awo da hoto ta masarautar Furusiya a birnin Balin, irinta ta farko a duniya. Zuwa 1920 cibiyar ta tara faranti kusan 20,000 na gine-gine kusan 2,600. Manufarsa ita ce a tara hotunan a ajiye, ko da ba a zana komai daga cikinsu ba, domin ranar da za a bukace su.

Ranar ta zo bayan mutuwarsa a 1921. Yaƙin Duniya na Biyu ya ragargaza biranen Jamus, amma farantan sun tsira. An kwashe su zuwa Tarayyar Sobiyet bayan yaƙin, daga baya aka dawo da su. Da aka tashi gyaran Majami'ar Faransawa da ke Balin a ƙarshen shekarun 1970, hotunan da Meydenbauer ya ɗauka kusan shekara 100 kafin nan suna cikin abin da aka dogara da shi.

Inda hoto yake gazawa

Awo da hoto ya bunƙasa a ƙarni na 20. A 1901 Carl Pulfrich na kamfanin Zeiss ya ƙera na'urar da mutum zai kalli hotuna biyu a lokaci guda, ido ɗaya ga kowanne, ya ga zurfin abin kamar yana gabansa, ya auna shi. Da jirgin sama ya samu, sai safiyo suka koma ɗaukar hoto daga sama, kuma mafi yawan taswirorin ƙasashe na wannan ƙarni ta haka aka yi su. Bayan Yarjejeniyar Benis ta 1964, wadda ta wajabta rubuta bayanin duk aikin gyaran ginin tarihi da zane da hoto, an kafa kwamitin ƙasa da ƙasa na awon gine-gine da hoto a 1968.

Duk da haka dabarar tana da raunin da ba ta rabu da shi ba har yau. Dole a gane ɗigo ɗaya a hotuna biyu kafin a auna shi. A jikin dutse mai zane da tabo wannan abu ne mai sauƙi. A jikin farin bango sumul kuwa, ko'ina kamar ko'ina yake, babu abin kamawa. Gini mai tagogi 200 iri ɗaya yana rikita lissafi, domin ana iya ɗaukar taga ta 7 a matsayin ta 8. Duhu yana makantar da kyamara, inuwa mai kauri tana ɓoye mata abu. Sannan hoto shi kaɗai bai san girma ba: ƙaramin gida da ke kusa da ƙaton gida da ke nesa suna iya cika hoto daidai wa daida. Sai an auna wani tsawo da hannu an shigar cikin lissafin kafin a sami ma'auni.

Hasken da yake komowa

Dabara ta biyu ta taso daga ɗakin binciken kimiyyar haske. A ranar 16 ga Mayu 1960, Theodore Maiman ya kunna leza ta farko a Malibu ta jihar Kalifoniya. Leza haske ne siriri wanda ba ya bazuwa kamar na fitila, saboda haka ana iya harba shi kan ɗigo guda a nesa. Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa. Idan aka harba shi kan bangon da ke nisan mita 30, zai je ya komo cikin kashi 1 daga kashi miliyan 5 na daƙiƙa. Wanda ya iya auna wannan ɗan lokaci ya san nisan bangon. A 1971 kumbon Apollo 15 ya yi amfani da wannan hanya wajen auna tudu da kwarin duniyar wata.

Auna ɗigo ɗaya ba ya ba da siffar gini. Abin da ake bukata shi ne na'urar da za ta riƙa juya hasken da madubi, sama da ƙasa, dama da hagu, tana rubuta nisa da kusurwar kowane harbi. Cikin waɗanda suka mayar da wannan tunani kayan aiki akwai Ben Kacyra, injiniyan gini haifaffen Mosul ta Iraƙi, wanda ya koma Amurka. Ya ga yadda ake shan wahala wajen auna masana'antu masu tarin bututu da tef, sai ya kafa kamfanin Cyra Technologies a 1993. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 na'urarsu ta shiga kasuwa, kuma a 2001 kamfanin ya koma hannun Leica Geosystems.

Abin da na'urar take fitarwa shi ne tarin ɗigo, miliyoyinsu, kowanne da lambobi 3 da ke nuna mazauninsa. A fuskar kwamfuta tarin yana kama da gini da aka yi da ƙura. Leza ba ruwanta da duhu, domin da haskenta take tafe. Farin bango ba ya rikita ta. Awonta kuma na gaske ne tun daga farko, mita mita ce.

Ita ma tana da nata rauni, kuma abin lura shi ne rauninta yana faɗawa daidai inda hoto yake da ƙarfi. Ba ta san launi ba. Iyakarta ta faɗi ƙarfin hasken da ya komo. Ba ta iya kama kaifin baki: ɗigonta yana da faɗi, idan ya sauka a gefen ginshiƙi rabinsa kan wuce ya bugi bangon baya, sai lissafi ya ba da ɗigon ƙarya da ke rataye a iska. Siririn tsagu da rubutu da fenti suna kuɓuce mata. Gilashi yana barin hasken ya wuce, ruwa da ƙarfe mai sheƙi suna karkatar da shi. Daga ƙasa ba ta ganin saman rufi, kuma duk abin da bishiya ko mota ta tare ya zama rami a cikin tarin. A farkon zamaninta ma tsadarta ta fi ƙarfin yawancin masu bincike.

Motar da ta zaga Berkeley

Da zarar dabarun biyu suka tsaya da ƙafafunsu, masu bincike suka ga cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A Jami'ar Stuttgart ta Jamus, Norbert Haala da Claus Brenner sun nuna a ƙarshen shekarun 1990 yadda za a haɗa awon leza daga jirgin sama da hotuna masu launi don a bambance gini da bishiya. Leza tana cewa akwai wani abu mai tsayin mita 12 a nan, amma hoton ne yake faɗin ko ganye ne ko kwano.

Wannan ya magance rufi, saura fuskar gini, wadda jirgin sama ba ya gani sosai. A farkon shekarun 2000, Christian Früh da Avideh Zakhor na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka ɗora leza biyu da kyamara a kan mota, suka riƙa bin titunan tsakiyar garin da gudun da sauran motoci suke yi. Leza ɗaya tana share bango daga ƙasa zuwa sama, tana ba da siffarsa. Ta biyun tana share shi a kwance, kuma ta hanyar kwatanta kowace shara da wadda ta gabace ta ake gane nisan da motar ta matsa. Kyamara tana ɗaukar launi. Ƙananan kurakuran lissafin tafiya suna taruwa su zama babba idan hanya ta yi tsawo, don haka suka riƙa gyara hanyar motar da hotuna da awon da aka ɗauka daga sama. A ƙarshe suka ɗinke fuskokin gini da aka auna daga titi da rufin da aka auna daga jirgi. Motocin da suke zaga birane yau suna ɗaukar siffar tituna a kan wannan tsari suke tafiya.

A daidai lokacin kuma awo da hoto ya sami sabon ƙarfi. David Lowe na Jami'ar British Columbia ta Kanada ya fito da dabarar lissafi a 1999, ya kammala ta a 2004, wadda take sa kwamfuta ta gane ɗigo ɗaya a hotuna daban-daban ko da an ɗauke su daga nesa daban ko a karkace. Aikin da ƙwararre yake kwana a kai ya koma na daƙiƙoƙi. A 2009 masu bincike a Jami'ar Washington suka ɗebo hotunan birnin Rum 150,000 da masu yawon buɗe ido suka zuba a dandalin Flickr, suka fitar da siffar manyan gine-ginensa cikin ƙasa da kwana ɗaya. Da ƙananan jirage marasa matuƙi suka yi araha, kyamara ta sami hanyar isa saman rufi da bayan hasumiya, inda leza mai tsayawa a ƙasa ba ta kaiwa.

Yadda ake ɗinkin

Haɗa bayanan biyu yana bin matakai. Na farko shi ne a sa su yi magana da ma'auni ɗaya. Ana manna alamomi masu baƙi da fari a jikin gini, ko a ajiye fararen ƙwallaye a kewayensa, waɗanda leza da kyamara duk za su gani, safiyo kuma ya auna mazauninsu. Inda babu alama, ana amfani da dabarar da Paul Besl da Neil McKay suka wallafa a 1992: kwamfuta ta ɗauki tari biyu na ɗigo, ta nemo wa kowane ɗigo mafi kusa da shi a ɗaya tarin, ta matsa ta juya don rage tazarar, ta sake, har su zauna a kan juna.

Mataki na biyu shi ne mayar da ƙura ta zama fata. Ana haɗa ɗigo uku-uku su zama ƙananan alwatika, miliyoyinsu, su lulluɓe ginin. A nan ake raba aiki: shimfiɗar bango da lanƙwasar baka daga leza, kaifin bakin taga da layin da ke tsakanin duwatsu daga hoto. Na uku shi ne shafa launi. Tun da an san inda kyamara ta tsaya, ana iya jan layi daga kowane alwatika zuwa hoton a ɗebo launinsa, bayan an tabbatar babu ginshiƙin da ya shiga tsakani, an kuma daidaita hasken hoton safe da na yamma.

Mataki na ƙarshe ya fi kowanne haɗari, wato cike ramuka. Inda bishiya ta tare bango, kwamfuta tana iya kwaikwayon abin da ke gefe ta cike gurbin, har ido ya kasa ganewa. Ga mai yin fim wannan ba laifi ba ne. Ga mai gyaran gini kuwa, dole a san abin da aka auna da abin da aka ƙaddara, domin samfurin da ya ɓoye wannan bambanci yana iya sa a sassaƙa dutse bisa zato.

Yau ƙasashe suna yin wannan aiki a kan birane gaba ɗaya. Holan ta fara auna tsayin ƙasarta duka da leza daga jirgi a ƙarshen shekarun 1990, kuma masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Delft sun haɗa wannan awo da rajistar gine-gine suka fitar da siffar gine-gine kusan miliyan 10. Da irin waɗannan samfura ake lissafin inda ambaliya za ta bi, da rufin da ya dace da farantin hasken rana, da inuwar da sabon bene zai jefa wa maƙwabta.

Darasin Bamiyan da Kasubi

Abubuwa biyu sun tuna wa masu wannan fanni dalilin da ya sa Meydenbauer ya tara farantansa. A watan Maris na 2001, 'yan Taliban suka rusa manyan gumakan Buda biyu da aka sassaƙa a jikin dutse a kwarin Bamiyan na Afganistan. Babu wanda ya taɓa auna su da leza. Amma wani masani ɗan Ostiriya, Robert Kostka, ya ɗauki hotunan awo na babban a 1970, kuma daga hotuna 3 nasa ƙungiyar Armin Grün ta jami'ar fasaha ta Zurich ta fitar da siffarsa a kwamfuta. Rushewar Bamiyan na cikin abin da ya sa Kacyra ya kafa ƙungiyar CyArk a 2003 don auna wuraren tarihi tun suna tsaye.

A 2009 CyArk ta auna maƙabartar sarakunan Buganda da ke Kasubi a birnin Kampala na Yuganda, wani ƙaton gini na itace da ciyawa inda sarakuna 4 suke kwance. A ranar 16 ga Maris 2010 gobara ta cinye shi. Tsakanin awon da gobarar kimanin shekara guda ne.

Kwana biyar a Notre-Dame

A shekarar da Kasubi ta ƙone Andrew Tallon ya shiga Notre-Dame da na'urarsa. Malami ne a Kwalejin Vassar ta jihar New York, kuma abin da ya dame shi shi ne fahimtar yadda maginan ƙarni na 12 suka tsayar da bango mai tsayi haka bai faɗi ba. Shi da abokin aikinsa Paul Blaer sun yi kwana 5 suna kafa na'urar a wurare kusan 50, ciki da waje, suka tara ɗigo fiye da biliyan 1, da kuskuren da bai wuce kimanin milimita 5 ba. A kowane wuri yakan ɗauki hoton da ya zagaye ko'ina daga daidai inda leza ta tsaya, domin kowane ɗigo ya sami launinsa.

Awon ya fallasa abin da ido bai gani ba. Ginshiƙan da ke ɓangaren yamma ba su jeru a layi ɗaya ba. Jerin mutum-mutumin sarakuna da ke fuskar majami'ar ya karkace da kusan santimita 30, alamar cewa ƙasa ta lotsa ana cikin gini, magina suka dakata har ta zauna sannan suka ci gaba a miƙe. Tallon ya rasu da cutar daji a watan Nuwamba na 2018, yana da shekara 49, wata 5 kafin gobarar.

Bayan gobarar an yi ta yayata cewa siffar majami'ar da ke cikin wani wasan kwamfuta na kamfanin Ubisoft za ta yi jagorar gyara. Kamfanin ya ba da gudummawar kuɗi, amma siffar wasa an yi ta ne don ta ƙayatar, an sauya mata abubuwa don jin daɗin mai wasa. Abin da masu gyara suka dogara da shi awo ne: na Tallon, da na wani kamfanin Faransa mai suna Art Graphique & Patrimoine wanda ya auna sassan ginin kafin gobarar ya kuma koma ciki kwanaki kaɗan bayanta, da zanen katakon rufi da Rémi Fromont da Cédric Trentesaux suka yi a 2014 suna ɗalibai.

Kwatanta awon kafin gobara da na bayanta ya nuna inda bango ya motsa da inda bai motsa ba. Tarkacen da ya zubo kuwa ba a kwashe shi kamar shara ba. Saboda gubar dalma da tsoron ruftawar sauran rufin, an yi amfani da na'urori masu sarrafawa daga nesa wajen fito da shi, ana ɗaukar hotonsa kafin a taɓa, ana ba kowane yanki lamba. Ƙungiyar da Livio De Luca ya jagoranta a ƙarƙashin cibiyar binciken kimiyya ta Faransa ta ɗauki duwatsun wani baka da ya rufto, ta fitar da siffar kowanne da hoto, sannan ta nemi mazauninsa a cikin tarin ɗigon Tallon. Leza ta 2010 ta ba da lanƙwasar bakan kamar yadda yake a tsaye, kyamara ta ba da siffar kowane dutse kamar yadda yake a ƙasa.

A watan Yuli na 2020 aka yanke shawarar mayar da rufi da hasumiya yadda suke. An sare manyan itatuwan ok kusan 2,000 daga dazuzzukan Faransa, kafintoci suka fafe da yawansu da gatari irin na da. A nan zanen Fromont da Trentesaux ya yi rana, domin sun shiga cikin rufin da kansu sun duba yadda aka haɗa kowane katako da ɗan'uwansa, abin da haske ba ya leƙawa. Fromont ya zama ɗaya daga masanan da suka jagoranci gyaran tare da Philippe Villeneuve. An sake buɗe majami'ar a ranar 7 ga Disamba 2024.

Abin da ya rage

Samfurin kwamfuta bai ɗaga dutse ko ɗaya ba. Masassaƙa da kafintoci da maƙera ne suka yi aikin, da gudummawar fiye da Yuro miliyan 800 da aka tara daga ƙasashe kusan 150. Abin da awon ya yi shi ne rage musu zato, kuma ya iya yin haka ne saboda an yi shi tun babu wanda ya san za a bukace shi. Tallon yana neman amsar wata tambaya ce ta tarihi, Fromont da Trentesaux kuwa aikin makaranta suke yi.

Akwai kuma wata matsala da zamanin Meydenbauer bai sani ba. Farantin gilashinsa, waɗanda suke ajiye yau a hukumar kula da gine-ginen tarihi ta jihar Brandenburg, duk mai ido zai ɗaga su ga haske ya ga ginin, bayan shekara fiye da 100 da yaƙe-yaƙe biyu. Tarin ɗigo kuwa yana zaune a faifan ajiya da kan lalace, cikin tsarin da manhajar gobe ba lalle ta karanta ba. Wannan ya sa aka amince da wani buɗaɗɗen tsarin ajiya mai suna E57 a 2011, wanda ba mallakar kamfani ɗaya ba ne. Tsarin bai ɗauke wa kowa nauyin kwafa da dubawa da biyan kuɗin ajiya shekara bayan shekara ba. Lokacin da Notre-Dame ta ƙone, mutumin da ya fi kowa sanin abin da ke cikin awon 2010 ya riga ya rasu, kuma an amfana da aikinsa ne domin abokan aikinsa sun san inda faifan suke, sun kuma iya buɗe su.